Kwana Huɗu A Bakin Tafkin Kivu Da Dala 100

A ƙarshen watan Yulin 2024 aka tura ni Kigali, babban birnin ƙasar Ruwanda, domin halartar taron ƙara wa juna sani na kwana uku kan noman shinkafa a fadama, kasancewar ni malamin gona ne a Birnin Kebbi. Masu shirya taron su suka ɗauki nauyin jirgi da masauki, suka kuma ba kowa ɗan abin kashewa, wanda na matse hannu har na tsira da dala 100 daga ciki. Tun kafin in tashi na roƙe su da su matsa ranar dawowata da kwana biyar, domin na ga wani babban tafki mai suna Kivu a yammacin ƙasar cikin taswira, ni kuwa haifaffen Yauri ne, jikan masunta ta wajen uwa, ba na jin labarin ruwa in wuce ban leƙa ba.

Takardar gayyata ta yi gargaɗin cewa ba a shiga Ruwanda da leda, domin an haramta ta tun 2008, saboda haka maiɗakina ta juye mini garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli cikin robobi masu murfi. Na kwana a Yauri domin in yi sallama da mahaifiyata. Da na ambaci sunan ƙasar sai ta ajiye tasbaharta ta ce, "Ba can ne munka ji a rediyo ana yanka mutane ba?" Na ce, "Inna, shekara 30 ke nan da yin wannan, yanzu ƙasar lafiya lau take." Ba ta gamsu ba, amma ta yi mini addu'a, ta ƙara mini dabino a kan guzurina.

Daga Yauri muka kama hanyar Kontagora bayan sallar asuba, damina ta riga ta ɓata titin, direba yana ta kaucen ramuka cike da ruwa. Na fara ƙirga shingayen jami'an tsaro, da na kai goma sha biyar na haƙura. Tsakanin Kontagora da Tegina hira ta mutu a motar, kowa bakinsa yana motsi, sai da muka wuce Zungeru aka soma jin dariya. Mun shiga Abuja bayan sallar isha'i, washegari jirgi ya ɗauke mu.

A filin jirgin Kigali ba a karɓi ko sisi daga hannuna da sunan biza ba, domin 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka suna shiga kyauta na kwana 30. Katin rigakafin cutar shawara kawai aka duba, aka buga mini hatimi, na matsa agogona gaba da awa ɗaya. Taron ya tafi yadda taruka suke tafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ziyarar da aka kai mu wurin tunawa da kisan kiyashin 1994 a Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Na fito ina tuna tambayar Inna.

Ranar Alhamis da safe na canza dalolina, aka ba ni faranka, kuɗin ƙasar, kusan 130,000. A lokacin faranka 1,000 ya yi daidai da naira 1,200 ko kusa da haka, don haka lissafi bai ba ni wahala ba, duk farashin da aka faɗa mini sai in ɗauke shi kamar naira in ɗora ɗan wani abu. Na hau kabu-kabu zuwa tashar Nyabugogo, kuma kafin in ɗora ƙafa ɗan kabu-kabun ya miƙo mini hular kwano, bai tayar da babur ba sai da ya ga na ɗaure igiyarta a haɓa. Tikitin Rubavu, garin da ke bakin tafkin, ya ci mini kusan faranka 5,000. Rubavu shi ne sunan gundumar a hukumance, amma mutane sun fi kiran garin da tsohon sunansa, Gisenyi. An rubuta ƙarfe tara a tikitin, kuma ƙarfe tara da minti biyu motar ta fita da kujeru uku babu kowa, ni da na saba zaman jiran "saura mutum ɗaya" na awa biyu a tasha sai na riƙa waiwaye ina tsammanin za a kira mu mu dawo.

Tafiyar ba ta wuce kilomita 150 da 'yan kai ba, amma ta ci awa huɗu, domin tun daga fitar Kigali mota take hawa tana kewaya duwatsu, ga kuma na'urar da aka sa wa motocin haya mai hana su wuce gona da iri a gudu. Ba banza ake ce wa ƙasar mai tuddai dubu ba. A matsayina na malamin gona idona yana kan gonaki: an yanka jikin kowane tudu hawa-hawa kamar matattakala domin kada ruwa ya kwashe ƙasa, an shuka wake da ayaba da dankali har zuwa ƙoli, kwarin da ke tsakanin tuddai kuma shinkafa ko rake. Ban ga kangon fili ko na shimfiɗa tabarma ba. Mun ga 'yan sanda a hanya, amma babu gungumen icce ko tsohuwar taya da aka gitta a titi, kuma ban ga hannun direba ya fita ta taga ba. A Nyirangarama aka tsaya shan iska, a nan na fara ganin akabanga, man barkono da ake zubawa a 'yar kwalba irin ta maganin ɗigawa a ido.

Daga Musanze yanayi ya canza. Ƙasa ta koma baƙa wuluk, katangun gidaje na baƙin dutse, kuma daga hannun dama manyan duwatsu masu aman wuta suka bayyana cikin hazo, babbansu Karisimbi mai tsawon mita 4,507. A dajin waɗannan duwatsu ne gwaggon birin nan da Turawa suke tururuwar gani yake, kuma takardar izinin zama da su na awa ɗaya dala 1,500 ce. Na taɓa aljihuna na yi murmushi. Muka wuce gonakin dankalin Turawa da na ganyen shayi, sanyi yana shigowa ta taga, can sai hanya ta karya ta fara gangarawa, tafkin ya buɗe a gabanmu, shuɗi, babu iyaka, duwatsun Kwango suna tsaye a hayinsa kamar hadari.

Masauki shi ne abin da ya fi cin kuɗina. Manyan otal-otal suna bakin ruwa, kwana ɗaya a wasunsu ya fi duk abin da na zo da shi. Na bi shawarar wani matashi da muka zauna kujera ɗaya, na haura cikin gari wajen kasuwa, tafiyar minti goma sha biyar daga gaɓa, na samu ɗaki mai gado da gidan sauro da banɗaki a kan faranka 13,000. Babu fanka, na kuma yi niyyar yin ƙorafi, amma kafin tsakar dare na gane dalili. Garin yana bisa tsawon mita 1,460 daga teku, kuma lokacin rani ne a wurinsu, dare yana yin sanyi irin na tsakiyar hunturu a Gwandu. Na zo da kaftani huɗu babu rigar sanyi ko ɗaya. Na ninka bargo biyu, na sa safa, alwalar asuba kuwa sai da na yi ta maza. Da gari ya waye na nufi 'yan gwanjo na sayi tsohuwar rigar sanyi faranka 4,000, kuɗin da ban sa a lissafi ba.

A wajen cinikin rigar na gano abin da ya sauƙaƙa mini zama. Mutanen Gisenyi suna jin Swahili sosai saboda maƙwabtaka da Kwango, ni kuwa ba na jin ko ɗaya daga harsunansu, Turancin mai rigar kuma bai wuce gaisuwa ba. Da nake sauraren wani ciniki a gefena sai na ji ana cewa ishirini, thelathini, hamsini, sitini. Ashe ashirin da talatin da hamsin da sittin ɗinmu ne, mu da su duk daga Larabci muka aro. Dubu kuma elfu suke cewa, wato alif ɗin da muke faɗa a shekaru. Daga ranar da yatsu da waɗannan kalmomi nake ciniki, in ƙara da murakoze, wato na gode a harshen Kinyarwanda, kuma ba a cuce ni da yawa ba.

Abu na farko da baƙo mai ƙaramin ƙarfi zai yi a garin shi ne ya sauka gaɓa ya zauna. Akwai doguwar hanya da ta bi bakin ruwa, da itatuwa a jere da tsofaffin gidaje na zamanin mulkin Beljiyam, jemagu sun cika wasu itatuwan suna ta tsuwa da rana tsaka. Gaɓar tana da yashi mai laushi da ciyawa da aka gyara, da kujerun zama, da kwandunan shara da ake amfani da su. Na je da sassafe, lokacin da babu kowa sai masu shara da 'yan motsa jiki, domin da yamma da ƙarshen mako matasa suna cika wurin da kiɗa da irin shigar wanka da ba za ta yi wa mutumin Kabi daɗin kallo ba. Ruwan garai-garai yake, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Na tambayi wani mai shara, da hannu da baki, ko akwai kada ko dorina, ya yi dariya ya girgiza kai. Mu da muka tashi ana hana mu wanka a wasu masheƙu saboda dorina, wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne. Na naɗe wando na shiga har gwiwa.

Ina zaune a nan na riƙa auna shi da tafkin Kainji, wanda ya taso bayan an gama dam a 1968 ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da yawa na ƙasar Yauri. Kivu ya ninka shi kusan sau biyu a faɗi, a zurfi kuwa babu haɗi, domin wani wurin ya kusa mita 480, alhali Kainji bai wuce 60 ba. Amma abin da ya fi ci mini rai ba girman ba ne. A Yauri muna da ruwa, muna da faɗuwar rana da ba ta gaza tasu ba, muna da bikin Rigata, amma ban san wuri ɗaya a bakin ruwanmu da aka share aka dasa itace aka ajiye benci domin mutum ya zo da iyalinsa ya zauna kawai ba. Bakin ruwa a wurinmu wajen lodi ne da wanki da zubar da shara. Abin da na gani a Gisenyi bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Da azahar na bi masu farar hula har masallacin Juma'a. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a Gisenyi suna da unguwanni da masallatai, kuma ana jin kiran salla. An yi huɗuba da Kinyarwanda, ayoyi da hadisai kawai na tsinta. Bayan sallama wani dattijo da ke kusa da ni ya dubi hulata zanna da kaftanina ya ce, "Nijeriya?" Tela ne, ya taɓa karatu wajen wani malami da ya yi zama a Sudan, saboda haka muka haɗa guntun Larabcinsa da guntun nawa. Ina kiransa Shehe, yana kirana Ustazu. Shi ya ja ni zuwa wani ɗan gidan abinci na Musulmi, ya kuma gargaɗe ni da cewa duk inda na ga an rubuta akabenzi in yi gaba, naman alade ne, kuma kada in ci tsiren da ban san wanda ya yanka ba.

Tsarin abincin rana a can ya dace da matalauci. Ana jera tukwane, a ba ka faranti ɗaya, ka ɗibi abin da kake so iya tsawon da za ka iya tulawa, amma sau ɗaya tak, nama kuma ƙidaya ne. Faranka 2,500 na biya. Akwai shinkafa, da wake, da dafaffiyar ayaba ɗanya, da dankali, da tuwon rogo da suke kira ubugali, da miyar ganyen rogo da aka kirɓa mai suna isombe, wadda ta tuna mini da miyar zogale da gyaɗa. Gishiri kaɗan, yaji babu, sai dai a ɗiga akabanga. Na ga yadda ma'aikata suke gina abinci a faranti kamar dalar gyaɗa, na kuwa koya. Da dare ba na sayen abinci, sai in shiga shagon madara, domin suna da shaguna da ba a sayar da komai sai madara, in sha babban kofi na ikivuguto a kan faranka 500. Kindirmo ne sak, mai kauri da ɗan tsami, abin da ya rage kawai fura. Na koma ɗaki na jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙulin da na zo da shi. Fiya kuwa, wadda ake sayar mana da tsada, a nan uku manya faranka 500 ne. Sai dai a kula, ba a cin abinci a tafe a kan titi, ana ganin rashin kamun kai ne. Na ɓare ayaba a bakin kasuwa na ga idanu sun yi mini yawa, na mayar da ita aljihu.

Bayan mun ci abinci Shehe ya raka ni kan iyakar da ake kira Petite Barrière, tafiyar ƙafa daga tsakiyar gari. Gisenyi da Goma ta ƙasar Kwango tamkar gari ɗaya ne da aka tsaga biyu, akwai gidajen da katangarsu ce iyakar ƙasa. Ban taɓa ganin ɗan Adam yana kwarara haka ba. Dubban mutane, galibi mata, ɗauke da buhunan kabeji da tumatir da dankali da jarkokin madara a gadon baya, an ɗaure kayan da ƙyalle an rataya a goshi, suna tafiya a sunkuye. Guragu a kekunansu na hannu an lafta musu kaya har ba a ganin kansu, yara suna turawa. Shehe ya riƙe hannuna lokacin da na zaro waya, ya ce ba a ɗaukar hoto a nan. Na tuna Kamba da yadda kasuwarta ta yi sanyi lokacin da aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, na kuma gane cewa waɗannan matan ba su da hutun rikicin shugabanni. A bayan Goma dutsen Nyiragongo yana tsaye, hayaƙi yana fita daga kansa. Ya yi aman wuta a Janairun 2002 ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tafki, ya sake a Mayun 2021, kuma Shehe ya nuna mini tsagar da girgizar ƙasar wannan karon ta bari a bangon wani gida. Wata shida bayan dawowata, a Janairun 2025, 'yan tawayen M23 suka kama Goma, harsasai da rokoki suka faɗa har cikin Gisenyi, saboda haka duk mai niyyar zuwa ya fara bin labarai kafin ya sayi tikiti.

Ranar Asabar na fito da ƙarfe takwas neman shayi, na tarar da gari kamar an yi shara da mutane: shaguna a rufe, babu mota, babu kabu-kabu. Ashe Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya da ake yi har wajen ƙarfe sha ɗaya. Ba a tilasta wa baƙo, amma da na ga mutanen unguwar suna yashe kwata sai na karɓi shebur daga hannun wata tsohuwa. Ba su san malamin gona ba ne, suka tsaya suna kallon yadda nake aiki da kaftani. Da aka gama aka zauna a ƙasa aka yi taron unguwa, ni kuma na koma ga dabinona, domin har lokacin ban karya ba.

Da hantsi ya yi na hau kabu-kabu zuwa Rubona, kimanin kilomita bakwai kudu da gari, a kan faranka 1,500. Hanyar tana bin ƙugun dutse, tafki yana ƙasa, kuma da na san haka take da na taka da ƙafa, domin nan ne farkon doguwar hanyar 'yan yawo da ake kira Congo Nile, mai kilomita 227 har zuwa Rusizi a ƙarshen tafkin. A Nyamyumba, nan wajen Rubona, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi dab da gaɓa. Na biya faranka 1,000 na shiga. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafasa, yana warin ƙwai, a bakin idon ba a iya sa yatsa, an tare shi da buhunan yashi ya zama 'yan kududdufai inda ya ɗan huce. Tsofaffi suna kwance a ciki saboda sanyin ƙashi, samari suna tallar tausa. Na tsoma ƙafafuna na rabin awa, taku biyar daga nan kuma ga ruwan tafki mai sanyi.

A nan wasu ɗaliban jami'a guda biyar suka neme ni in cika musu kwale-kwale mai inji. Kwana biyu kafin nan wani ɗan kamasho ya nemi faranka 40,000 a hannuna ni kaɗai, yanzu kuwa 5,000 kowa ya bayar. Gaskiya ga mutumin Yauri yawon jirgi na awa ɗaya ba labari ba ne, kuma da ni kaɗai ne da ban biya ba. Amma abu biyu sun biya ni. Na farko, matuƙin bai kunna inji ba sai da ya ƙirga mu ya ga kowa ya ɗaure rigar kariya. Na ce masa na iya ruwa tun ina shekara shida, ya ce ko kifi ne ni sai na sa. Zuciyata ta tafi Wara, inda jirgi ya nutse da 'yan kasuwa a Mayun 2021, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Na biyu, ɗaya daga ɗaliban, mai karatun injiniya, ya nuna mini wani dandamalin ƙarfe a tsakiyar ruwa ya yi mini bayaninsa. A can ƙasan tafkin akwai iskar gas mai kamawa da wuta da iskar kabon masu ɗimbin yawa, narke cikin ruwa, nauyin ruwan sama ne ya danne su kamar murfin kwalbar lemo. Ana zura bututu a jawo ruwan ƙasa, idan ya taso gas ɗin ya rabu da shi, a tura shi injin lantarki. Tun 1963 aka fara jawo shi domin tukunyar wani kamfanin giya da ke Rubona, yanzu kuma yana ba ƙasar wuta. Irin wannan iska ce ta ɓalle daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 a dare ɗaya, Kivu kuwa ya ninka Nyos girma sama da sau dubu, ga mutum kusan miliyan biyu a kewayensa. Na dubi ruwan da ke ƙarƙashinmu, lumui kamar mai, na ƙara jan igiyar rigata.

Abin da ya fi komai a tafiyar ban biya masa ko faranka ɗaya ba. Na zauna a kan dutse a mashigin Rubona, rana tana gangarawa bayan duwatsun Kwango, sai na ji waƙa tana tasowa daga ruwa. Masunta ne suke fita. Jirginsu kwale-kwale uku ne aka jera aka haɗe da dogayen itatuwan turare, kowanne kuma yana da doguwar sanda a goshi da wutsiya, ta miƙa sama ta lanƙwaso kamar gashin bakin tarwaɗa. Babu inji. Mutum wajen goma suna tuƙi, ɗaya yana ba da waƙa, sauran suna amsawa da fito da guɗa, kowane amshi yana faɗuwa daidai da shigar matuƙi cikin ruwa. Jirgi bayan jirgi suka fita har suka zama ɗigo-ɗigo, da duhu ya shiga sai fitilu suka kama, tafkin ya koma kamar wani gari da aka gina a kan ruwa. Sai da na ji sanyi ya ratsa rigar gwanjo na tashi.

Ban iya haƙuri ba, ranar Lahadi bayan asuba na dawo da ƙafa domin in ga abin da suka kamo. Yadda suke aikin shi ne, a saki taru a ƙarƙashin jiragen, igiyoyinsa suna bi ta kan sandunan nan, a kunna fitilu kifi ya taru a haske, sannan a ɗago tarun gaba ɗaya. Shi ya sa ba sa fita idan wata ya cika, haske ya yi yawa. Mata suna jira da robobi a gaɓa. Da aka sauke na leƙa, sai ga 'yan kifaye farare kamar azurfa, ba su wuce tsawon yatsa ba. Na fashe da dariya har mutane suka juyo. Duk wannan waƙa da jirgi uku da kwanan ruwa, ashe warangi ne, ko ɗan'uwansa na jini, wanda mu ma muke ɗagowa da atalla a Kainji mu shanya a yashi. Su sambaza suke ce masa, kuma ba ɗan asalin tafkin ba ne, daga tafkin Tanganyika aka kawo shi a ƙarshen shekarun 1950 domin Kivu ba shi da wadatar kifi. Babu giwan ruwa, babu yauni, babu irin kifin da ake ɗauka da mutum biyu a Matan Fada ranar bikin Argungu. Na nuna wa wani matashin masunci hoton giwan ruwa a wayata, ya kira 'yan'uwansa, suka yi ta gardama ko hoton gaskiya ne.

Duk da haka akwai abin da suka fi mu. Shi wannan matashi ya gaya mini, ta bakin wani malamin makaranta da ya yi mana tafinta, cewa duk shekara ana rufe kamun kifi na wata biyu domin ya hayayyafa, kuma ana kama mai tarun da idonsa ya yi ƙanƙanta. Kakana ya sha faɗa cewa a zamaninsu Sarkin Ruwa yana hana shiga wasu wurare sai lokaci ya yi, yanzu kuwa har da gidan sauro ake kamu. Na ci sambaza soyayye da lemon tsami a wata rumfa, ana cinye shi da kai da ƙaya, faranka 1,500 cike da faranti, na kuma sayi busasshe kilo ɗaya aka ƙunsa mini a takarda. Da yamma na hau dutsen Rubavu da ke bayan gari, hawan awa ɗaya da numfashi sama-sama, daga can na ga garuruwan biyu a shimfiɗe da titin jirgin saman Goma.

Ranar Litinin na yi sallama da Shehe, na bar masa hulata zanna da ya yi ta yabawa, ya ba ni ƙunshin ganyen shayi. Da na zauna a mota na yi lissafi: masauki 52,000, mota zuwa da dawowa 10,000, abinci bai kai 25,000 ba, kabu-kabu da jirgi da ruwan zafi wajen 12,000, riga 4,000, tsaraba 15,000. Na isa Kigali da ragowar da ta ishe ni kwana a wani ɗan ɗaki a Nyamirambo, unguwar Musulmi, da kabu-kabu zuwa filin jirgi.

Zafin Abuja ya tarbe ni tun daga matakalar jirgi, hanyar Kontagora kuma tana nan yadda na bar ta. Na sauka a Yauri da la'asar sakaliya, na zube tsaraba gaban Inna. Ta buɗe takardar, ta ɗauki kifi ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Kai, ɗan nan! Warangi ka tahi wata ƙasa ka sawo, ga shi nan tuli bakin kasuwa?" Kawuna da ke zaune yana cin dafa-duka ya ɗauki kwalbar akabanga, kafin in buɗe baki ya matsa ta a kan abincinsa kamar man ja. Loma biyu ya yi ya tashi yana neman randa, hawaye yana zuba. Inna ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a haske, ta ga ba ta da maraba da ta maganin idonta, ta sa aka ɗaura mata jan zare a wuya aka rataye ta a madafa.